Ladan Tsaron Daji da Amanar Mai Gona

A ce kana da kurmi a bayan gonarka, ɗanka na kwance ba lafiya, ga mai sayen katako tsaye a ƙofar gida da kuɗi a hannu. Sai wani ya zo ya ce zai riƙa biyanka kowace shekara muddin ka bar itatuwan a tsaye. In ka karɓa, ka riƙe amana ne, ko ka sayar da ita?

Ƙasar Kosta Rika ta kafa dokar gandun daji a 1996, a 1997 kuma ta fara biyan masu filaye don su bar dazuzzukansu, da kuɗin da akasarinsa ke fitowa daga harajin man fetur. Hujjar ita ce daji yana yi wa kowa hidima: yana riƙe ruwa, yana shan iskar da ke ɗumama duniya, yana ba dabbobi mafaka. Amma mai filin kaɗai ke ɗaukar asarar rashin sarewa. Me zai hana masu cin moriya su rage masa nauyi?

A yammacin Yuganda an gwada abin a ƙauyuka 121, tsakanin 2011 da 2013. An yi ƙuri'a, aka yi wa masu daji a ƙauyuka 60 tayin shilin 70,000 a kan kowace hekta a shekara. Binciken da Seema Jayachandran da abokan aikinta suka wallafa a 2017 ya nuna cewa inda aka yi tayin, inuwar itatuwa ta ragu da kashi 4.2 cikin 100, inda ba a yi ba kuwa ta ragu da kashi 9.1. Kuɗi kaɗan ya rage ɓarnar da fiye da rabi.

Kada ka yi saurin hukunta waɗanda suka karɓa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Talakan da ya sare itace domin kuɗin magani ko na makaranta, sau da yawa larura ce ta kai hannunsa ga gatari. Littafi Mai Tsarki bai raina lada ba. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an umarci mai gida ya biya matalaucin ma'aikaci hakkinsa tun rana ba ta faɗi ba. Idan manomi ya haƙura da ribarsa domin mutanen birni su sha ruwa mai tsabta, biyansa adalci ne. Wa'azin kiyaye halitta daga bakin ƙosasshe, ba tare da ya sa hannu a aljihu ba, ɗora wa mai rauni kaya ne.

Duk da haka lada yana da iyaka. A Kosta Rika wasu masu bincike sun gano cewa a shekarun farko an biya mutane da yawa da ko ba a biya su ba ba za su sare dajinsu ba. A Yuganda kuma, da aka daina biya, sare itatuwa ya dawo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ranar da ladan ya yanke, wa zai ɗauki aska? Ka tuna bambancin da Ubangijinmu Yesu ya nuna a Yohanna sura 10 tsakanin makiyayi da ɗan ƙodago. Dukansu suna tare da garke a ranar lafiya. Zuwan kyarkeci ne ya bayyana wanda tumakin suke a zuciyarsa.

Akwai darasi kusa da mu, a jihar Maradi ta Nijar. Tun daga 1983, ɗan mishan Tony Rinaudo da manoman yankin suka soma abin da ake kira sassabin zamani: maimakon a ƙone tohon kututture, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a rene su har su zama itace. Da farko, lokacin yunwar 1984, an ba da abinci don aikin, da aka daina kuwa da yawa suka sare abin da suka rena. Amma waɗanda suka ci gaba sun ga gero ya yi kyau a ƙarƙashin gawo, sun samu itacen girki da abincin dabbobi, maƙwabta kuma suka yi koyi. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 suka farfaɗo a Nijar. Abin da ya ɗore shi ne manomi ya ga amfanin da idonsa, ya kuma tabbata itacen nasa ne.

To, ina ka tsaya? Farawa sura 2 ta nuna cewa aikin farko da aka ba mutum shi ne noman gona da kiyaye ta, tun kafin a san ciniki. Ƙasa ta Allah ce, kai wakili ne. In an ba ka lada domin tsaron daji, karɓa da godiya, ka cika alkawari ko babu mai duba ka. In kai ne mai hali, kada ka nemi talaka ya yi sadaukarwar da kai ba ka yi ba. Sa'an nan ka tambayi zuciyarka: in kuɗin ya tsaya gobe, wane itace ne zan bari domin jikokina, da kuma domin Mai shi?

Ya Ubangiji, ka ba mu abin da zai ishe mu, kada yunwa ta sa mu cinye rabon 'ya'yanmu. Ka same mu amintattu a kan gonar da ka danƙa mana. Amin.