DARASI: NADAMAR YAHUDA DA HAWAYEN BITRUS

Karatu: Matta 27:3-5, Luka 22:54-62, Yohanna 21:9-19.

A dare ɗaya almajirai biyu suka yi wa Ubangijinmu laifi. Yahuda ya bashe shi a kan azurfa talatin, Bitrus kuwa ya yi musun saninsa har sau uku. Dukansu biyu suka yi nadama mai zafi. Amma Yahuda ya kai tasa wurin manyan firistoci, waɗanda ba su da ikon gafarta zunubi, daga nan ya tafi ya rataye kansa. Bitrus ya fita ya yi kuka ƙwarai, amma bai rabu da 'yan'uwa ba, har Yesu ya same shi. Bambancinsu fa ba a yawan baƙin ciki ya ke ba, a wurin da kowa ya kai kayansa ne.

Wannan magana ta shafe mu, mu mutanen Kafanchan da kewaye. Ba a manta da hargitsin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai cikin watan Maris 1987 ba, ko na Zangon Kataf a 1992, ko na bayan zaɓe a Afrilu 2011. Ɗan'uwa, wataƙila ka ɗaga hannu a kan maƙwabcinka, ko ka baza jita-jita, ko ka rufe ƙofa ga mai neman mafaka. An ce da-na-sani ƙeya ce. Shekaru sun wuce, ga shi zuciyarka tana kashe ka har yau.

Bari mu lura da abin da Yesu ya yi. A bakin wuta Bitrus ya yi musu, a bakin wuta kuma Ubangiji ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa. Bai yi masa gori ba, sai ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Kadan Allah ya karɓi tubanmu saboda jinin Ɗansa, shari'a ta ƙare. Wanda ya ƙi yafe wa kansa bayan wannan, ya ɗauki kansa alƙalin da ya fi Allah adalci ke nan. Manzo Yohanna ya koya mana cewa Allah ya fi zuciyarmu girma (1 Yohanna 3:20).

Amma tuba na gaskiya yana da ƙafafu. A watan Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga Jema'a, Kachia, Kaura, Sanga da Zangon Kataf, Kirista da Musulmi, suka sa hannu a Kafanchan a kan alkawarin zaman lafiya, suka kuma roƙi gafara a fili. Wannan bai ta da matattu ba, bai kuwa kawar da dukan fitina ba, amma ya nuna hanya. Zakka ma ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace riɓi huɗu (Luka 19:8). Saboda haka mu furta laifi ga Allah, mu je wurin wanda aka cuta, mu mayar da abin da za ya mayu. Abin da ba ya mayuwa kuwa, mu bar shi a gindin gicciye, mu koma aikin Ubangiji.

Tambayoyi
1. Ina Yahuda ya kai nadamarsa, ina kuma ya kamata ya kai ta?
2. Don me Yesu ya ba Bitrus aiki maimakon horo?
3. Wane ne ya kamata ka je wurinsa cikin wannan mako?