Muryar Malam Ta Daina Zama Hujja

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, musamman mutanenmu na Ikara, Makarfi da Kudan, zaɓen 2027 yana matsowa, kuma akwai abin da nake so mu yi wa kanmu tanadi a kansa tun kafin guguwar ta taso.

Mu mutanen ji ne. Manomin rake a Makarfi ko mai tumatir a Ikara bai damu da dogon rubutu ba, amma a tura masa sautin malamin da ya yarda da shi a WhatsApp, shi ke nan, magana ta ƙare. To, ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta kai matsayin da idan aka ba ta ɗan guntun karatun mutum, za ta kwaikwayi muryarsa, ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Ana dab da zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 an yaɗa wani sauti wai na Atiku Abubakar da Aminu Tambuwal da Ifeanyi Okowa suna ƙulla maguɗi, masu bin diddigin labarai suka ce haɗa shi aka yi. A Janairun 2024 kuma, a jihar New Hampshire ta Amurka, an riƙa kiran mutane a waya da muryar shugabansu Joe Biden ta bogi, ana ce musu kada su fita zaɓen fidda gwani. Wanda ya iya yi wa shugaban Amurka haka, limamin Hunkuyi ko na Paki ne zai gagare shi?

Ƙuri'a shaida ce. Idan ka dangwala, ka shaida cewa wannan mutumin ya cancanci riƙon amanar jama'a, kuma za a tambaye ka. Shaida kuwa ba ta inganta sai da sani. Duk tsarin dimokuraɗiyya, da shawarar da Musulunci ya yi umarni da ita, suna tsaye ne a kan mutane su san gaskiyar abin da suke yanke hukunci a kai, su kuma san wanda za su tuhuma idan ya yaudare su. Ɗan siyasar da ya yi ƙarya a kan dandamali, mun san gidansu, mun san ubansa. Na'ura fa? Ba ta rantsuwa, ba ta jin kunya, ba ta tsayuwa gaban Allah. Wanda ya ba ta umarni yana ɓoye, kamfanin da ya ƙera ta yana wata ƙasa, babu wanda ya zaɓe shi a cikinmu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne ɗaya gefen. Gobe za a kama azzalumi da muryarsa ta gaske, sai ya ce AI ce, magoya bayansa su yi tafi. Wallahi ranar da gaskiya da ƙarya suka zama farashi ɗaya, talaka ne ya yi asara, don mai kuɗi yana da wasu hanyoyin.

Ni ban haramta na'ura ba. A jihar nan tamu aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a 2018, kafin kowace jiha a Najeriya. Kayan aiki ne, hukuncinsa yana bin hannun da ya riƙe shi.

Magabata sun ga irin wannan. Ibn Sirin ya ba da labarin cewa da farko ba a tambayar isnadi, sai da fitina ta auku aka fara cewa kowa ya ambaci mutanen da ya ji daga wurinsu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ma umarnin bincike ce kafin a yi aiki da labari. Saboda haka idan sauti ya shigo wayarka, tambayi wanda ya turo: kai daga wa ka samu? A wane masallaci aka yi karatun, yaushe, wa ya halarta? Idan malamin garinku ne, taka ka same shi bayan Magariba. Masu kula da guruf-guruf, ku ma abin da kuka bari ya wuce yana wuyanku.

Ni dai na sanar da ku tun yanzu: duk sautin da kuka ji da muryata ana cewa ku zaɓi wane, kada ku tura wa kowa sai kun tambaye ni baki da baki.

Wallahu a'alam.