Itacen Mara da Ruwan Maƙwabcinmu



A Littafin Fitowa, sura 15, mun karanta yadda Isra'ilawa suka yi kwana uku cikin jeji ba ruwa, da suka iso Mara kuwa suka tarar ruwan wurin da ɗaci. Ubangiji ya nuna wa Musa wani itace, ya jefa shi ciki, ruwan ya shawu. Ubannin Ikkilisiya na farko sun ga alamar Gicciye a wannan itace.

Ɗacin ruwan zamaninmu kuwa aikin hannunmu ne. A Kano, ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima da na rini a Sharaɗa, Chalawa da Bompai yakan ɗauko sinadarin kuromiyam da launin rini, ya gangara kogin Chalawa da na Jakara, inda manoman rani ke ban ruwa. Mai zubarwa ba ya ganin fuskar mai sha, amma Allah yana ganin su duka biyu.

Har yau akwai magani a cikin itace. Idan aka ƙona itace ko ƙoƙon kwakwa a inda iska ba ta shiga, aka kuma bi gawayin da tururi mai tsananin zafi, sai jikinsa ya cika da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Giram ɗaya na irin wannan gawayi yana iya samun faɗin murabba'in mita 1,000 a cikinsa, wato giram 10 sun fi filin ƙwallo. In gurɓataccen ruwa ya ratsa shi, launi da wari da guba iri-iri sai su manne a bangon ƙofofin, ruwan ya wuce. Masana sun gwada ɓawon gyaɗa da totuwar masara, sun ga su ma suna yin gawayin tacewa, ba sai an sare daji ba.

Amma mu kula da abu biyu. Gawayi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka tafasa ruwan sha yana nan daram. Yana kuma cika. In ya cika dole a sake shi, kuma wanda ya cika ba a zubar da shi a rafi, gama dafin yana jikinsa.

A shekarar 2015, cikin wasiƙarsa Laudato Si', marigayi Paparoma Francis ya koyar da cewa samun tsabtataccen ruwan sha haƙƙin kowane ɗan Adam ne. Don haka, mu da muke jima, ko rini, ko wankin mota, ko gyaran inji, kada mu saki ruwan aikinmu cikin kwata sai ya kwanta a rami an tace shi. Baƙin mai kuwa a tara shi dabam. Matasanmu masu karatun kimiyya su koya wa Zumuntar Mata da majalisun Ikkilisiya yadda ake haɗa matata ta yashi da tsakuwa da gawayi. Mu kuma tunatar da hukuma da masu masana'antu nauyin da ke wuyansu.

Gawayi yana ɗaukar ƙazanta a jikinsa domin ruwa ya fita da tsabta. Haka Mai Cetonmu ya yi mana a kan Gicciye. Mu da aka wanke da ruwan baftisma, kada mu ɓata ruwan ɗan'uwanmu.

Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa. Amin.