Labarin zuciya a tambayi fuska

Mutum na iya rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau, idonsa kuma ya ƙaryata shi. Harshe yana bin umarnin mai shi, amma fuska ba kullum take jin magana ba. Abin da magabata suka hango ke nan.

Masu bincike sun zo sun gaskata su. A 1862 wani likitan Faransa mai suna Duchenne ya fitar da hotunan mutanen da ya riƙa taɓa wa tsokar fuska da lantarki. Ya gano cewa murmushin gaskiya ba a leɓe kaɗai yake tsayawa ba. Tsokar da ta kewaye ido ma tana tsukewa, kumatu su ɗago, gefen ido ya tattare. Leɓe kowa na iya ja da gangan, amma wannan tsokar da wuya ta motsa in rai bai yi fari ba. Shi ya sa yaƙe ba ya ɓuya.

A 1967 da 1968 Paul Ekman na Amurka ya je wurin ƙabilar Fore a tsaunukan Papua New Guinea, mutanen da ba su saba da baƙi ba. Akan ba su gajeren labari, kamar na wanda ɗansa ya rasu, su nuna hoton fuskar da ta dace. Sun gane murna, baƙin ciki, fushi da ƙyama. Tsoro da mamaki ne suka riƙa rikice musu.

Sai dai fuska ma ana yi mata tarbiyya. An nuna wa ɗaliban Japan da na Amurka fim mai tayar da hankali. Da suke su kaɗai, duk sun yamutsa fuska iri ɗaya. Da wani mai bincike ya shigo ya zauna, sai na Japan suka fi rufe abin da murmushi, don girmama na gaba.

Mu wannan ba baƙonmu ba ne. Uwa mai alkunyar ɗan fari, ranar da ya dawo daga doguwar tafiya, sai ta kau da kai ta ci gaba da tankaɗe, ko sunansa ba ta kira. Baƙo zai ce ba ta damu da shi ba. Kishiyarta kuwa ta ga yadda hannunta ke rawa a kan rariya.

A ganina karin maganar na nan daram, amma ga wanda ya san mai fuskar. In ba ka san gidan da mutum ya tashi ba, kada ka yi saurin yanke masa hukunci don ya ɗaure fuska ko ya sake ta.