Diyyar Wanda Hayaƙi Ya Kashe

A shekarar 2020 Bankin Duniya ya fitar da rahoto a kan gurɓacewar iska a birnin Legas. Rahoton ya nuna cewa a shekarar 2018 kaɗai, hayaƙi da ƙurar da mutanen birnin ke shaƙa sun yi sanadin mutuwar kimanin mutum 11,200, kuma kashi 60 cikin 100 na mamatan yara ne waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Daga nan sai masanan suka ƙiyasta asarar da cuta da mutuwar suka jawo, suka ce ta kai dalar Amurka biliyan 2.1. Mun sani ajali yana hannun Allah, amma kowace mutuwa da sanadinta, kuma sanadin shi ne abin da za a tambaye mu. To, abin dubawa a nan shi ne, ya dace a yi wa ran ɗan Adam kuɗi kamar hajar kasuwa?

Bari mu fara duba yadda ake lissafin. Hanya ta farko ita ce a ƙirga abin da mamacin zai samu da guminsa da a ce ya rayu. Da wannan ma'auni ne bankin ya ce duniya ta yi asarar dala biliyan 225 a shekarar 2013. Hanya ta biyu ita ce a ƙiyasta abin da mutane za su yarda su biya don a rage musu haɗarin mutuwa. Da ita kuma asarar wannan shekara ta haura dala tiriliyan 5. Kowacce da aibinta. A ta farko, tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta a bakin murhu, hayaƙin itace ya cinye mata huhu, kusan ba ta da daraja, don ba ta ɗaukar albashi. A ta biyu kuwa, tun da mai hali ya fi iya biya, sai ran mutumin Landan ya fi na mutumin Legas tsada. Duk mai hankali zai ji wannan ya sosa masa rai.

Amma fa kada mu yi saurin watsi da lissafin. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya rufe birnin Landan kwana 5, aka ƙirga gawa wajen 4,000 a tashin farko. Da yake mutuwar ta zo a dunƙule, kowa ya gani, a 1956 aka kafa dokar tsabtace iska. Namu mamatan a warwatse suke: wannan a ce asma ce, wancan ciwon huhu, wani kuma bugun zuciya. A yi jana'iza, a yi addu'a, a watse, ba wanda zai ambaci hayaƙi. Alƙaluman nan su ne ke tattaro su wuri ɗaya, su ajiye su gaban mahukunta cikin harshen da suka fi ji, wato harshen kasafin kuɗi.

A nan ne shari'ar Musulunci take da abin koya mana. Ta ɗora diyyar raƙumi 100 a kan kisan kuskure, kuma ba ta duba ko mamacin attajiri ne ko ɗan dako. Raƙuman nan ba su ne tamanin rai ba. Hakki ne da aka aza wa wanda ya yi sanadi, domin kada jinin mutum ya tafi a banza. Wani abin lura kuma, dangin wanda ya yi kisan ne ke haɗuwa su biya, saboda su ne ya kamata su tsawata masa tun farko.

Idan muka ɗauki wannan ma'auni, dala biliyan 2.1 ɗin nan bashi ne, kuma masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai janareta da ya juya bututun hayaƙinsa wajen tagar maƙwabci yana da kaso. Mai tsohuwar mota da ke tafe tana turnuƙe titi yana da kaso, haka mai ƙona shara da tayoyi a tsakiyar unguwa. Kaso mafi girma kuwa yana wuyan hukumar da ta kasa samar da wutar lantarki har kowane shago ya koma ga janareta, ta kuma bar iskar gas ta fi ƙarfin talaka har matarsa ta koma ga itace da gawayi.

Wannan bashi ba a biyansa ga mamata, sai ga masu rai: wuta tsayayya, mai marar datti, motocin haya masu lafiya, da murhun da ba ya kashe mai girki. Duk shekarar da aka ce babu kuɗin yin waɗannan, sai mu tuna cewa ana biya ta wata hanyar, kuma yara ƙanana ne ke biyan mafi yawa. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.