Gonar Gado da Turakun Wuta: Me Shari'a Ta Ce?

Wutar da madatsar Shiroro ke samarwa ba ta isa Kaduna da Kano sai ta ratsa gonakin mutane. Babban layi mai kilobolt 330 yana buƙatar fili mai faɗin mita 50, ba gini a ƙarƙashinsa, ba doguwar bishiya. Injiniya kuwa ba zai riƙa karkata layin don kauce wa gonar wane ba, domin kowace kwana sai an kafa mata turke mai ƙarfi da tsada. To, ya halatta hukuma ta shiga gonar gado alhali mai ita bai yarda ba?

Asalin hukunci dai, dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa, kuma masu ƙin yarda da wannan suke kafa hujja. Sai dai Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ja magudanar ruwa ta cikin filin Muhammadu ɗan Maslama, mai fili ya ƙi, Sayyidina Umar ya tilasta a ratsa. Da ya zo faɗaɗa Masallacin Harami ma, ya rushe gidajen waɗanda suka ƙi sayarwa, ya ajiye musu kuɗinsu. Buƙatar jama'a ga wuta a yau ta wuce ta ruwan gonar mutum ɗaya nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ga watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, Arewa ta kwashe kwana da kwanaki cikin duhu, asibitoci da masu niƙa da masu ƙanƙara suka tagayyara, ba sai an yi masa dogon bayanin maslaha ba.

Amma akwai inda ƙiyasin ke ɗingishi, kuma mahukunta ba su cika son a taɓo wajen ba. Hujjar Umar ita ce ruwan ba zai cutar da ɗan Maslama ba, hasali ma zai sha daga gare shi. Manomin da turke ya tsaya a gonarsa fa? An sare masa mangwaro da ɗorawa, an hana 'ya'yansa gini a wurin har abada, sannan wayar ta wuce ta kansa tana ƙugi, shi yana kwana da tocila, don irin wannan wuta ba a jona ta a gida sai an gina tashar rage mata ƙarfi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa amfanin gona da gini take biya, ƙasar kanta tana hannun gwamna. Wani zai ce in aka biya kowa yadda ya kamata aikin ba zai kammalu ba. Wannan uzuri ne na ɗora wa talaka ɗaya nauyin da miliyoyin masu shan wutar ya kamata su raba.

Ratsa gonar halal ne, ko mai ita ya ƙi. Amma idan ba a biya shi diyya daidai asararsa kafin a kafa turken ba, ƙwace ne.