Wane Irin Shugabanni Ne Mu?

A shekarar 1954 aka kafa ECWA, a 1955 kuma aka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda yanzu muke kira TEKAN. Tun daga lokacin nan ragamar Ekklesiya ta riƙa komowa hannun 'yan ƙasa. Yau mu ne fastoci, mu ne dattawa, mu ne shugabannin zumuntar mata da na matasa. Idan abu ya lalace a majami'a, babu Baturen mishan da za a ɗora wa laifi. Saboda haka ya kamata mu tambayi kanmu: ta wace hanya muke bi da garken da aka danƙa mana? Mutum kuwa yana iya sanin wannan da kansa?

Wani masani Bajamushe mai suna Kurt Lewin, wanda ya ƙaura zuwa Amurka, ya yi wani gwaji tare da abokan aikinsa, suka buga labarinsa a 1939. Suka tara yara maza masu kamar shekara 10 ƙungiya ƙungiya, suna aikin hannu a ƙarƙashin shugabanni iri uku. Na fari umarni kaɗai yake bayarwa. Na biyu yakan yi shawara da yaran. Na uku ya sake musu, kowa ya yi yadda ya ga dama. Yaran mai umarni sun yi aiki muddin idonsa yana kansu, amma da ya fita ɗakin sai aiki ya yi sanyi. Yaran mai shawara suka ci gaba ko ba ya nan. Na wanda ya sake musu kuwa, aikinsu ne ya fi ƙaranci.

Dukan ukun nan muna ganinsu cikin Littafi Mai Tsarki. Rehobowam ya ƙi shawarar dattawa, ya amsa wa jama'a da gatse, kabila goma suka rabu da shi. Eli firist ya ji muguntar 'ya'yansa, ya yi musu faɗa da baki kawai, bai hana su ba, gidansa ya faɗi. Musa kuwa da fari yakan zauna shari'a shi kaɗai tun safe har yamma. Sai surukinsa Yetro ya nuna masa zai gajiyar da kansa da mutanen duka. Musa ya ji, ya naɗa shugabanni na dubu dubu, na ɗari ɗari, na hamsin hamsin da na goma goma. Mu lura da wannan: Musa mutumin Allah ne, duk da haka sai da baƙo ya zo kafin ya ga halin da yake ciki.

A nan wahalar take. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Annabi Natan ya ba Sarki Dauda labarin mai arziki wanda ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, Dauda ya husata ƙwarai da mutumin, bai san kansa yake yanke wa hukunci ba. Mu ma haka muke. Mukan auna kanmu da nufin zuciyarmu, mu auna waɗansu da ayyukansu. Mai tsanani yana kiran tsananinsa himma. Mai sakaci yana kiran sakacinsa haƙuri. Har mai son shawara yakan ɓoye tsoronsa a bayan kwamiti, domin kada a ce shi ne ya yanke magana.

To, binciken kai aikin banza ne ke nan? Ko kaɗan. Amma sai mu bar tambayar zuciya ko mu masu tawali'u ne, gama za ta ce i. Mu tambayi abin da ake iya ƙirgawa. A zaman majalisar dattawa na wata shida da suka wuce, sau nawa muka bar ra'ayinmu muka ɗauki na wani? Wane ne na ƙarshe da ya yi mana gardama a fili, yana kuwa zuwa sujada har yanzu? Ran da muka yi tafiya, aiki ya tsaya ko ya ci gaba? Mutum nawa muka koya wa aikin da muke yi? Idan an ce a karanta lissafin baiko a gaban jama'a, ranmu yakan ɓaci? Akwai laifin da muka sani, muka yi shiru domin mai laifin ɗan'uwanmu ne ko mai kuɗi?

A wuraren horon shugabanni akan ba da takardun tambayoyi domin mutum ya cika ya san irin shugabancinsa. Suna da amfani, amma abin da muka faɗa musu shi suke mayar mana. Domin wannan muna bukatar Yetro namu. Mu nemi mutum biyu ko uku waɗanda ba su cin abinci daga hannunmu, ba su kuwa jin tsoronmu, mu ba su tambayoyin nan su amsa a kanmu. Inda amsarsu ta bambanta da tamu, nan ne ɗaki yake yoyo. Kada mu kāre kanmu a ranar. Mu gode musu, mu je mu yi addu'a. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wani zai ce, ai halin da Allah ya ba ni ke nan. Gaskiya ne ba a halicce mu iri ɗaya ba. Bulus ya ƙi tafiya da Markus domin ya taɓa barinsu a hanya, Barnaba kuwa ya ɗauke shi, har suka rabu a kan maganar. Daga baya Bulus da kansa ya roƙi Timoti ya zo masa da Markus, gama yana da amfani a gare shi. Ekklesiya tana bukatar mai zafin nama, tana bukatar mai jinkirin fushi. Idan gobara ta kama jinkar majami'a ba a kiran kwamiti, amma kuma ba kullum ake gobara ba. Amfanin sanin halinmu shi ne mu san lokacin da za mu danne shi, mu san wanda za mu zaunar kusa da mu domin ya cika abin da muka rasa.

Bulus ya gargaɗi Korintiyawa kowa ya gwada kansa kafin ya ci Jibin Ubangiji. Mu da muke raba gurasar, mu ya fi kamata mu fara. Kafin Jibi mai zuwa, bari kowannenmu ya keɓe maraice guda, ya rubuta amsoshinsa, ya nemi shaidunsa. Garken ba namu ba ne, za mu ba da lissafi ga Babban Makiyayi. Allah ya ba mu kunnen da ya ba Musa.